Katifar Lateks ga Mai Jiki: Wane Falle a Sama, Wane a Ƙasa?

Shawarar da aka saba ba mai nauyi idan zai sayi katifa ita ce ya ɗauki wadda ta fi kowacce tauri. Shawarar ba ta cika ba. Mutum mai kilo 110 ko 130 yana buƙatar abu mai ƙarfi a ƙarƙashin ƙugunsa don kada bayansa ya lanƙwashe, amma kafaɗarsa da gefen cinyarsa suna shan matsi fiye da na siriri, saboda haka ya ma fi siririn buƙatar wurin da za su ɗan nutse. Buƙatu biyu ne masu karo da juna, kuma katifa mai tauri iri ɗaya daga sama har ƙasa ba ta iya biyan su a tare. Nan ne katifar lateks mai falle-falle take da amfani: ƙarfin ya fito daga ƙasa, sauƙin ya fito daga sama, kuma kowanne ana iya canza shi ba tare da an taɓa ɗayan ba.

Lateks soso ne da ake yi da ruwan danƙon bishiyar roba. Ana kaɗa ruwan har ya yi kumfa, a zuba a mazubi, a dafa shi da zafi ya ƙame. Ya bambanta da soson katifar da ya cika kasuwanninmu, wanda daga sinadaran man fetur ake haɗa shi. Lateks ya fi nauyi ninki biyu ko uku, yana dawowa nan take idan an ɗaga hannu daga kansa, kuma ya fi jimirin danniya na shekaru. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi shafar mai jiki, don shi ne katifa take fara yi wa rami.

Lambobi biyu da ya kamata mai saye ya nema

Kalmomin "mai laushi", "matsakaici" da "mai tauri" ba su da ma'auni tsayayye; matsakaicin wannan kamfani shi ne mai taurin wancan. Lambobi biyu ne suke faɗin gaskiya.

Ta farko ana kiranta ILD. Ana ɗaukar yanki mai kaurin inci 4, a danna shi da faifai mai faɗin murabba'in inci 50 har ya ragu da kashi 25 cikin 100, a rubuta nauyin da aka yi amfani da shi a ma'aunin fam. ILD 32 na nufin fam 32, wato kimanin kilo 14 da rabi. A lateks, daga 14 zuwa 22 laushi ne, 24 zuwa 30 matsakaici, 32 zuwa 38 tauri, 40 zuwa 44 tauri sosai. Iyakokin suna ɗan motsawa daga masana'anta zuwa masana'anta, kuma bambancin lamba ɗaya ko biyu jiki ba ya jin sa.

Ta biyu ita ce cunkoso, wato kilo nawa murabba'in mita ɗaya mai tsayin mita ɗaya yake yi. A lateks na Dunlop, ɗaya daga hanyoyin sarrafa shi biyu da za a yi bayaninsu a gaba, cunkoso da tauri tare suke tafiya: 65 laushi, 75 matsakaici, 85 tauri, 95 tauri sosai. Masu sayar da lateks ɗin Asiya sun fi ba da wannan lambar, sau da yawa da harafin D a jikinta, kamar D85. Amfaninta shi ne kana iya tabbatar da ita da sikeli. Falle mai girman ƙafa 6 da 6, kaurin inci 3, kusan rubu'in wancan ma'aunin ne, don haka D85 zai yi kilo 21 zuwa 22. Idan aka ce maka lateks ne ka ɗora a sikeli ya ba ka kilo 8, soso ne na yau da kullum, komai yawan hujojin da aka yi masa don ya yi kama da lateks. Sai dai nauyi kaɗai ba ya wanke mai sayarwa, domin wasu masana'antu suna cuɗa garin alli ko yumɓu a cikin ruwan don rage tsada. Irin wannan yana da nauyi, amma yana saurin tsagewa da marmashewa. Shi ya sa ake neman takardar shaida: ta GOLS, wani tsarin tantance lateks na duniya, alal misali, ba a ba da ita sai ɗanyen kayan ya kai aƙalla kashi 95 cikin 100 na danƙon da aka noma bisa ƙa'idarsu.

Akwai abin da ILD ba ta faɗa, kuma shi ne ya fi muhimmanci ga mai nauyi. A kashi 25 ake auna ta, alhali ƙugun mutum mai kilo 120 yana danne fallen sama fiye da rabinsa. Abin tambaya a gare shi shi ne yadda fallen yake ƙara tauri idan an ci gaba da nutsewa a cikinsa. A nan ne Dunlop da Talalay suka rabu.

Dunlop ko Talalay

Dukansu sunayen hanyar sarrafawa ne, ba sunan irin danƙon ba. Kowanne ana iya yin sa da danƙo zalla, ko a gauraya da robar masana'anta. Hanyar Dunlop ta samo asali a 1929 a Ingila. Ana cika mazubin da kumfa, a ƙamar da ita, a dafa da tururi. Kafin ta ƙame wasu ƙwayoyin suna kwantawa ƙasa, shi ya sa fuska ɗaya ta fallen takan ɗan fi ɗayar tauri. Hanyar Talalay ta zo daga baya, kuma ta fi matakai: ana zuba kumfar ba tare da an cika mazubin ba, a rufe a zuƙe iska har ta buɗe ta cika shi, a daskarar da ita, a hura iskar kabon ta ƙame, sannan a dafa. Sakamakon soso ne mai ƙofofi iri ɗaya daga sama har ƙasa, mai sauƙin nauyi, mai tsalle, wanda iska ta fi ratsawa. Masana'antunsa kaɗan ne, fitattunsu suna Amurka da Holan, don haka ya fi tsada. Dunlop kuwa ana yin sa da yawa a Sirilanka, Indiya, Tailan da Biyetnam.

A jiki, idan ka ɗauki biyun masu ILD ɗaya, a farkon danni za su yi kama, amma Dunlop yana saurin taurara yayin da ake nutsewa, Talalay kuma yana ci gaba da ba da hanya. Ga siriri wannan zancen ɗanɗano ne kawai. Ga mai jiki, ma'anarsa ita ce Dunlop ya fi tare ƙugu kafin ya yi nisa. Saboda haka a falle na ƙasa da na tsakiya Dunlop ne zaɓin da ya dace, kuma biyan kuɗin Talalay a can ɓarnar kuɗi ce. A falle na sama ne muhawarar take da ma'ana. Mai kwanciyar gefe da kafaɗa mai faɗi yakan ji daɗin Talalay, don yana barin kafaɗa ta shige ba tare da ta ci karo da tauri ba. Mai rigingine ko rub da ciki babu abin da zai rasa idan ya tsaya ga Dunlop daga sama har ƙasa.

Gargaɗi ɗaya ya shafi dukansu: lateks mai laushi ƙwarai, ƙasa da ILD 20 ko D65, ba na mai nauyi ba ne. A shago yana da daɗin taɓawa, amma jiki mai kilo 120 yana murƙushe shi gaba ɗaya, ya zama kamar babu shi, sai mutum ya riƙa jin taurin fallen da ke ƙasa kai tsaye. Kuma shi ne yake fara mutuwa, domin robar da ke cikinsa kaɗan ce, tana kuma shan cikakkiyar danniya kowane dare. Abin da siriri yake kira matsakaici shi ne laushin mai jiki.

Kauri: inci 9 ko 12

Inci 6 bai isa ba ga wanda ya haura kilo 100, sai dai in a kan wani abu mai ba da hanya za a ɗora shi. Inci 9, wato falle uku na inci 3, yana ɗaukar mai kilo 100 zuwa 115, musamman mai rigingine. Daga nan zuwa sama, ko kuma idan mai kwanciyar gefe ne, inci 12 ya fi. Dalilin shi ne lateks yana taurara da sauri idan danniya ta wuce kusan kashi biyu cikin uku na kaurinsa. A siririyar katifa kowane falle yana kai wa wannan iyakar, sai mutum ya ji kamar ya taɓo katako, ko da bai taɓo ba. Idan katifar tana da kauri, nutsewar ta rarrabu a kan falle huɗu, babu wanda aka matse har ƙarshe, ga daɗin kwanciya ga tsawon rai.

Ƙarin kaurin a ƙasa ake yin sa, da falle mai tauri. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ƙara inci 3 na laushi a sama, sai a tashi da inci 6 na laushi, ƙugu ya nutse ya bar kafaɗa da ƙafafu a sama, tsakiyar jiki ya yi kwari. Wannan ne ke kawo ciwon baya da asuba.

Kauri yana da farashinsa ban da kuɗi. Falle uku na D75, D85 da D95 a girman 6 da 6 sun kai kimanin kilo 65. Falle huɗu sun doshi kilo 90. Sai an yi lissafin wannan tare da nauyin mutum biyu kafin a amince da gadon.

Jerin falle gwargwadon kwanciya

Lambobin nan mafari ne, ba hukunci ba, domin kilo 110 a jikin dogo mai ƙafa 6 da 'yan kai ya bazu, a jikin gajere kuma ya taru a ciki da ƙugu. Gajeren ya ɗauki kansa a rukunin da ke gaba da nasa.

Kwanciyar gefe ita ce mafi wahalar saitawa, kuma ita ce ta mutane da yawa a cikinmu da suka saba kwanciya a ɓarin dama. Duk nauyin yana kan wurare biyu ƙanana, kafaɗa da gefen ƙugu, ga kuma kwarin kwiɓi a tsakani da yake son a cike shi. Ga mai kilo 105 zuwa 125, falle na sama ya zama inci 3 cur, ILD 24 zuwa 28, Talalay ko Dunlop D70 zuwa D75. Na tsakiya inci 3 na ILD 32 zuwa 36, wato D80 ko D85. Na ƙasa inci 3 ko 6 na D90 zuwa D95. Fallen tsakiyar nan shi ne aka fi rainawa, alhali a jikin mai nauyi shi ne yake yin rabin aikin sauƙaƙa matsi, tunda jiki yana ratsa na sama ya shigo cikinsa. Idan aka tsallake shi, aka ɗora ILD 24 kai tsaye a kan 44, kafaɗa za ta ratsa laushin ta daki tauri ba shiri, hannu ya riƙa sagewa cikin dare. Tazarar da ke tsakanin falle da na ƙarƙashinsa kada ta wuce ILD 8 zuwa 10. Macen da ƙugunta ya fi kafaɗarta faɗi sosai ta ɗauki lambar sama a fallen tsakiya, 36 maimakon 32, don ƙugun ne zai nutse. Namiji mai faffaɗar kafaɗa da siririn ƙugu ya yi akasin haka.

Mai rigingine nauyinsa ya fi bazuwa. Inci 2 ko 3 na ILD 28 a sama ya isa ya cike kwarin baya, sai 36 a tsakiya, 40 zuwa 44 a ƙasa. Mai rub da ciki, musamman mai tumbi, shi ne kaɗai tsohuwar shawarar tauri ta dace da shi kusan gaba ɗaya: inci 2 na ILD 32 a sama, sauran duka D90 zuwa D95, da siririn matashi ko ma babu.

Wanda ya haura kilo 135 ya ɗaga kowane falle da mataki ɗaya, kuma ya tsaya a inci 12: D75 ko D80 a sama, D85, sannan D95 biyu.

Wani bincike da aka yi a Sifen, aka buga a mujallar Lancet a 2003, ya gwada mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon baya, ya nuna waɗanda suka kwana a katifa matsakaiciyar tauri sun fi samun sauƙi a kan waɗanda suka kwana a mai tauri sosai. Jerin da ke sama yana neman samar wa mai jiki wannan matsakaicin ne, da lambobin da suka dace da nauyinsa.

Idan mata da miji sun bambanta da kilo 30 ko fiye, a raba kowane falle biyu a tsaye, kowa da ɓarinsa da taurinsa, a cikin riga ɗaya. Idan ana gudun jin tsagar tsakiya, a bar fallen sama ɗaya a haɗe, a raba na ƙasan kawai. Rabawar ma tana sauƙaƙa ɗauka.

Lateks zalla, ko a haɗa da wani abu a ƙasa

Galibin lateks ɗin katifa shigo da shi ake yi, ko da yake ana noman roba a Edo, Delta da Kuros Riba, don haka inci 12 zalla kuɗi ne mai yawa. Akwai hanyoyi biyu na rage tsada, kuma dukansu suna aiki matuƙar an gane cewa inci 5 zuwa 6 na sama su ne suke shan wahala, su ne kuma bai kamata a yi musu rowa ba.

Ta farko ita ce a ɗora falle biyu na lateks a kan gindin soso mai ƙarfi. Sharaɗin shi ne cunkoson soson kada ya gaza 32, in da hali 35 zuwa sama. Katifar nan mai tauri da ake yi da gutsattsarin soso da aka matse aka manne, wadda ake sayarwa da sunan ta masu ciwon baya, gindi ce mai kyau idan shimfiɗarta daidai take. Mai irinta a gida da yake kuka da ciwon kafaɗa ba ya buƙatar sabuwar katifa. Falle ɗaya na inci 3, ILD 28 zuwa 32, zai iya wadatar da shi. Amma idan tsohuwar katifar ta riga ta lotsa, ko da inci ɗaya ne, lateks ba ya gyara ta. Bin ramin zai yi, kamar yadda tabarma take bin kwarin ƙasa. A gwada da miƙaƙƙen katako ko zare a ja daga gefe zuwa gefe kafin a kashe kuɗi.

Ta biyu ita ce gindin sifirin masu aljihu, wato waɗanda kowanne yake ɗinke a cikin 'yar jakar yadinsa, inci 6 zuwa 8, da lateks a sama. Iska ta fi ratsa ta, abin da ke da muhimmanci a watannin zafi, kuma idan an ƙarfafa gefenta ta fi lateks zalla daɗin zama a bakin gado. Wannan rauni ne na gaske a lateks: gefensa ba shi da wani ƙarfi na daban, mai nauyi idan ya zauna a baki sai ya ji yana zamewa. A ɗakin da bakin gado yake zaman kujera, a yi la'akari da haka. Illar sifirin ita ce ba a iya saita taurinsa bayan an saya, kuma mai siririyar waya ba ya tare ƙugun mai jiki.

Manne ko zif

Katifar da aka manne fallenta aka ɗinke ba ta da damar gyara. Mai riga da zif tana barin a sauya jeri, a juya falle, ko a canza na sama kaɗai idan ya gaji, wanda a ƙarƙashin mai nauyi shi ne zai riga sauran da shekaru. Ba a buƙatar gam; lateks yana kama ɗan'uwansa, ba ya zamewa. Rigar ma tana canza tauri: mai miƙewa tana barin jiki ya ji lateks ɗin, mai kaurin ɗinki da auduga ko ulu kuwa tana ƙara tauri kaɗan. Riga mai matsewa fiye da kima tana iya mayar da ILD 24 ya ji kamar 30.

Gadon da za a ɗora ta

Lateks ba shi da ƙashi, siffar abin da ke ƙarƙashinsa yake ɗauka. Yawancin kukan "katifa ta lotsa" a watannin farko daga gado ne. A faɗa wa kafinta tazarar da ke tsakanin katakan shimfiɗa kada ta wuce inci 3, inci 2 ya fi. Kowane katako ya kai faɗin inci 3 da kaurin kusan inci ɗaya. Kuma duk gadon da ya kai faɗin ƙafa 4 da rabi a sa masa gungume a tsakiya daga kai zuwa ƙafa, da ƙafafu biyu ko uku da suka taɓa ƙasa. Siririn filawud da aka shimfiɗa a kan katako uku yana lanƙwashewa cikin 'yan watanni. Idan filawud za a sa, ya zama mai kauri, a huhhuje shi don iska. Mai ajiye katifa a ƙasa kan leda ko tayil ya riƙa jingine ta lokaci-lokaci, musamman da damina, don gumi yana taruwa a ƙasanta ya jawo fumfuna.

Gane inda matsalar take

A ba sabuwar katifa sati biyu zuwa uku kafin a taɓa komai. Lateks da rigarsa suna ɗan sakewa, jiki ma yana sabawa. Bayan nan a kwanta a gefe minti goma sha biyar, wani ya duba daga baya ko ya ɗauki hoto: ƙashin baya daga wuya zuwa ƙugu ya zama a miƙe. A rigingine kuma, tafin hannu ya shiga ƙarƙashin kwarin baya da ƙyar. Idan ya shige a sake, saman ya yi tauri ko ya yi siriri.

Ciwon ƙasan baya da ake tashi da shi, ya lafa bayan an ɗan motsa, alama ce ta ƙugu yana nutsewa da yawa. Maganinsa a tsakiya yake ko a ƙasa: a ɗan ƙara taurin fallen tsakiya, ko a rage kaurin na sama daga inci 3 zuwa 2. Sagewar hannu, zafin gefen cinya da yawan juye-juye kuwa na nuna matsi ne, sai a sassauta tsakiyar da mataki ɗaya kafin a yi tunanin sassauta saman. Ciwon wuya sau da yawa daga matashi ne, tunda zurfin da kafaɗa take nutsewa ya canza. A canza abu ɗaya kawai a lokaci guda, a ba shi sati ɗaya, in ba haka ba ba za a san abin da ya yi aiki ba.

Wajen sauya falle a kula, lateks yana yagewa idan aka finciko shi ta gefe. Mutum biyu su naɗe shi su ɗauka, kuma idan za a daidaita shi a riƙa kaɗa shi yana tashi yana sauka har ya zauna. Kada a shanya shi a rana kamar yadda ake yi wa katifar soso ko ta auduga. Hasken rana yana busar da roba ta yi ɓawo ta marmashe. Man shafawa mai basilin ma yana cin ta, don haka a sa mata shimfiɗar kariya mai numfashi, a cire ledar da ta zo da ita. A juya kai zuwa ƙafa duk bayan wata uku zuwa shida, fallen sama kuma a kifa shi sau ɗaya a shekara. Wanda aka tabbatar jikinsa ba ya jituwa da roba, irin wanda safar hannun asibiti take sa wa ƙaiƙayi, kumburi ko sarƙewar numfashi, ya ga likita kafin ya saya.